Matar da Ta Taka Filin Kachia

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan layin dogo a Kafanchan da safiyar Litinin cikin damina, ya san igiyar shanyar Mama Yemima. Daga bishiyar mangwaron ƙofar gidanta har katangar maƙwabta, korayen riguna ne a jere, kowace da lambarta a baya, suna ɗigar ruwa. Ita kuwa tana kan kujerar tsuguno, baho a gabanta, tana cuɗa safa tana rera waƙar zumuntar mata ƙasa-ƙasa. In hadari ya haɗo, ta kwashe a guje ta baza su kusa da murhu. In rana ta leƙo, ta sake fitowa da su. Haka take yini, domin ruwan Kafanchan ba ya sallama kafin ya shigo.

Rigunan na Tsallake United ne, ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Ta fara wanke su tun tana aikin kula da ɗakin majinyata a wani ƙaramin asibitin mishan, lokacin da ɗanta ke buga baya. Ɗan ya girma ya tafi Legas, asibiti ya yi mata ritaya, amma riguna ba su daina zuwa ba. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, don haka ba wanda ya ga dalilin gode mata. Ranar wasa kuma tana bakin layi da shuɗin bokitinta: ruwa, bandeji, man zafi, da almakashi ɗaure a bakin zani. 'Yan wasan da ta ɗaure wa gwiwa, yau wasu malamai ne, wasu sojoji, ɗaya ma fasto ne.

Ni ba mai sunkuyar da kai ba ce. A jami'a, duk wanda ya yi wa Hausarmu dariya ko ya raina garinmu, ya ji a jikinsa. Amma labarin kakar bara da kaina a ƙasa nake rubuta shi. Ina jami'a abin ya faru, ba mu samu hutu ba, daga bakin waɗanda suka gani na tattaro, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya iya kallon idona har ya gama.

Kowane dogon hutu ana buga Kofin Citta tsakanin ƙungiyoyin Kafanchan, Kwoi, Kachia da Zangon Kataf. Gasa ce ta sili ɗaya ƙwale: an ci ka, ka koma gida sai baɗi. Tsallake kuwa tana da ciwo guda. Kowace shekara sai ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta faɗi a nan kamar an ɗaure mata ƙafa. Ciyaman ɗin ƙungiyar, Baba Levi, dattijon coci ne, mutumin kirki, amma gorin 'yan Kwoi ya kai masa wuya. Wani ya ja shi wurin wani mai duba a gindin dutse, mutumin da ba fasto ba, ba liman ba, mai duban ya ce masa matsalar ɗaya ce: hannun mace a kan riga, ƙafar mace a kan fili. A raba ƙungiya da su, kofi ya zo.

Ranar Litinin Baba Levi ya zo ƙofar gidan Mama, kyaftin Godspower na biye da shi da buhu.

"Yemima, sannu da aiki. Ubangiji ya ga wahalarki."

"Ya gani, Levi. Kai kuma me ka gani da ka zo da buhu?"

"Kwamiti ya ce ki huta bana. Yara za su wanke da kansu. Bakin layi ma, ki bar wa maza."

Ta dubi Godspower, wanda ta taɓa goya a baya zuwa asibiti ranar da ya karye yana ɗan firamare. "Haka ne, ɗana?"

"Mama, ka yi haƙuri," ya ce yana kallon yatsun ƙafarsa. "Ba ni ba ne. An ce kawai na wannan sizin."

"To ku bari su bushe mana."

Ba su bari ba. A jiƙe suka cusa su a buhu, ruwa na bin bayan Godspower har titi. Maƙwabciyarta ta ce Mama ta daɗe tana kallon igiyar, sannan ta ɗauko zannuwanta masu tsabta ta shanya, don kada masu wucewa su ga igiya ba kowa.

Da an ci Tsallake a wasan farko, da magana ta mutu. Sai suka ci. Suka fitar da 'yan Kwoi. A wasan kusa da na ƙarshe, wurin da suka saba faɗuwa, aka kai ga bugun fenariti da Zangon Kataf, gola Musbahu ya kaɗe biyu. Gari ya ɗauka: ashe gaskiya ne, ashe farar ƙafa ce da ita, ashe shekara da shekaru ita ke zaune a kan kofinmu. A kasuwa mai tumatir ta janye farantinta da ta ga Mama ta doso. A coci, ranar zumuntar mata, aka bar mata benci ita kaɗai kamar mai ƙyanda. Yara suka sa mata waƙa.

Ke ce, Mama, aka yi wa duk wannan, amma ba ki fasa wasa ko ɗaya ba. An hana ki bakin layi, kika koma bayan wayar da ta kewaye fili, inda masu gyaɗa ke tsayawa, bokitinki a gefe, ruwa na dukanki. Mai gyaɗa ta tambaye ki me kike nema a wurin da ba a son ki, kika ce, "Ƙashi ba ya jin maganar kwamiti. In zai karye, zai karye."

Musbahu ɗan tela ne, kakanninsa sun daɗe a kasuwar Kafanchan tun zamanin da jirgi ke tashe. Mama ce ke ɗinke masa safar hannu in ta yage, ita ke ajiye masa ruwan alwala in wasa ya ci la'asar. Shi da bakinsa ya gaya mini: "Anti, na hango ta bayan waya tana ɗaga mini hannu, na juya kai. An ce ko gaisuwa kada gola ya amsa. Wallahi na juya."

Wasan ƙarshe a Kachia aka buga shi, da masu gida. Mama ta shiga motar 'yan kallo, aka ba ta kujerar can baya, ba mai yi mata magana. Fili ya sha ruwa, jar laka har idon sawu. Tsallake ta zura ɗaya kafin hutun rabin lokaci ta riƙe. Wasa ya zo gangara, 'yan Kafanchan sun fara kiɗa, sai aka ba Kachia bugun kwana. Musbahu ya tashi sama, ɗan gaban Kachia ya tashi, kawuna suka haɗu. Har bayan waya aka ji ƙarar. Ɗan Kachia ya miƙe yana layi. Musbahu bai miƙe ba.

'Yan wasa suka rufe shi. Wani na kwara masa ruwa a fuska, wani na ƙoƙarin zaunar da shi, wannan na kiran sunan Yesu, wancan na salati. Babu motar asibiti a wurin. Mama ta ga ƙafafunsa suna karkarwa, sannan suka daina. Ta kutsa ta ƙofar waya.

Godspower ne ya rugo ya tare ta a bakin layi, hannu biyu a buɗe. "Mama, kar ka shiga! Abeg, saura kaɗan a tashi!"

Baba Levi ya riƙo gefen zaninta. "Yemima, don girman Allah. Kofin yana hannunmu. Za a fito miki da yaron waje."

"Levi," ta ce, "in ya mutu, a cikin kofin za ka kai wa uwarsa shi?"

Ta fizge zaninta. Silifas ɗinta suka maƙale a laka, ta bar su a nan, ta taka filin da tafin ƙafarta, a gaban Kafanchan da Kachia baki ɗaya. Daga ɓangarenmu, ba daga ɓangaren masu gida ba, aka yi mata ihu.

Alƙalin wasan ya ce bai taɓa ganin tsohuwa ta watsa ƙarti haka ba. Ta daka musu tsawa suka ja baya. Ta tallafi kansa da wuyansa, ta sa mutum biyu suka juya shi kan gefensa a hankali, ta naɗe yatsa da bakin ɗankwalinta ta share jini da cingam da suka toshe masa baki. Ta zauna a cikin lakar tana kiran sunansa kamar mai tashin yaro zuwa makaranta. Can ya ja wani numfashi mai gurnani, ya yi tari. Aka sa shi a bayan a-kori-kurar wani ɗan kasuwar Kachia, kansa a cinyarta, sai asibiti.

Aka sa golan benci, wanda bai taɓa tsaron gida a gasar ba. Kachia ta farke, ta ƙara. Aka tashi biyu da ɗaya.

Ga wurin da alƙalamina ke nauyi. Da yamma Musbahu ya buɗe ido ya gane mutane. Mama ta fito bakin titi ba takalmi, don ta tare motar 'yan kallo ta yi musu albishir. Motar ta rage gudu. Ta ɗaga hannu tana murmushi. Aka zuge taga, aka wurgo mata shuɗin bokitinta ya fashe a kan kwalta, wani ya ce, "Farar ƙafa, kin huta!" Mota ta wuce. Cike take da iyaye, da malaman makaranta, da mawaƙan coci. Ba wanda ya ce direba ya tsaya.

Ta tsince bandejinta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki fasasshen bokitin ta koma ciki. Da Asibi, mahaifiyar Musbahu, ta iso daga Kafanchan, ta tarar da ita a gefen gado, laka ta bushe mata har gwiwa. Asibi ta durƙusa ta kama ƙafafun nan biyu tana kuka. Mama ta ce, "Tashi, Maman Musbahu, kada ki shafi rashin sa'a." Suka yi dariya da hawaye, Asibi ta cire takalminta ta sa mata.

E, an ci mu bayan ta taka filin. Ban ɓoye ba, ba kuma zan nemi wata dabarar bayani ba. Mun rasa kofi, Musbahu yana shagon babansa yana taka keken ɗinki. Wanda ya ga an yi asara a wannan ciniki, ya fito ya faɗa a gaban Asibi.

Bana da hutu ya zo, Musbahu ya ce ba zai sa safar hannu ba sai an mayar da riguna inda aka ɗauko su. Shi ya ɗauki buhun a ka, Godspower na biye. Baba Levi ya tsaya a gindin mangwaro, hula a hannu, ya yi ta "ina kwana" har sau uku, sauran maganar ta ƙi fita.

Mama ta nuna musu hannuwanta. Gaɓoɓin sun kumbura, likita ya hana ta ruwan sanyi. "Na ajiye aiki, 'ya'yana. Ba fushi ba ne, hannu ne ya ce ya isa."

"To yaya za mu yi, Mama?" in ji Godspower.

"Ga baho, ga sabulu. Hannun namiji ne ai, ba abin da zai same ku. Levi, kai ma ajiye hular, safa tana jiranka."

Yanzu duk Litinin, in ka bi ta bayan layin dogo, za ka ga ƙarti a tsugune suna cuɗa, tana kan kujera tana cewa, "Wuyan rigar, Kyaftin, wuyan! Haka za ka wanke wa matarka?" Bokitin ma yana nan, mai gyaran roba ya liƙe shi, tabon na fitowa fili.

Ranar wasan farko na bana, alƙali ya ɗaga usur, Musbahu ya fito daga raga ya je bayan waya ya riƙo hannunta. Ya ratsa da ita ta tsakiyar fili, a hankali, daga wannan layi zuwa wancan, ya zaunar da ita a benci. Wasu sun tafa. Wasu sun ƙi, na ga fuskokinsu, na san su.

Mama Yemima, garkuwar da ba ta zaɓar wanda za ta kare. Ke ce aka kora kika tsaya inda za a iya kiranki. Ke ce aka ce ƙafarki masifa ce, kika kai ta inda rai ke fita. Mun gode, ko da yake godiyar ta zo a makare, kanta a ƙasa. Allah ya huce miki hannuwan nan. Ku kuma 'yan'uwana mata, in aka ja muku layi alhali rai na bayansa, ku tuɓe takalmi ku taka. Maza kuma, in ba za ku shiga ba, ku saki zanin.

Na san akwai mai jira in faɗi yadda aka tashi a wasan nan na bana. Da gangan na ƙi. In sai ka ji ci nawa ne kafin ka san ko za ka je ka gaishe ta, to har yanzu kana cikin motar nan.