Rabin Maganin Baba Harouna

Shekara tara muna gida ɗaya da Baba Harouna a Agege, ban taɓa ganin shigarsa banɗaki ba. Gidan namu ɗaki goma sha huɗu ne, banɗaki ɗaya, saboda haka kowa ya san cikin kowa. Shi kuwa tun kafin ya tafi kiran asuba yake gama uzurinsa. Mutumin Tawa ne ta Nijar, ya zo Legas da ƙuruciyarsa, ya yi shekara talatin yana gadin wani sito a Isolo. Da ƙafa ta gaji ya zama ladanin ƙaramin masallacinmu. Mutum ne da ko tari zai yi sai ya juya baya.

Ni Jabir, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, kuma bakina ya fi ni sauri, kowa ya shaide ni da wannan.

Bara ya fara ramewa. Sai da 'yarsa Mariamu, wadda ke aure a Ojo, ta tsare shi da kuka sannan ya faɗa mata wata huɗu ke nan yana ganin jini a bayan gida. A asibiti aka ce za a zura siririn bututu mai kyamara ta ƙasa a duba hanjinsa. Aka ba shi magani jarka guda, aka ce ya shanye ana gobe awon, ya wanke cikin tas. Ni duk ban san wannan ba. An dai roƙe ni in raka shi in yi masa tafinta, don Turancinsa bai wuce gaisuwa ba.

Ana gobe za mu tafi, na dawo kasuwa da la'asar a matse, na tarar da layin mutum biyar a ƙofar banɗaki. Aka ce Baba ne a ciki, shigarsa ta huɗu ke nan. Maimakon in yi tunani, sai na buga ƙofar na ce, “Baba, ko ka kama haya a ciki ne? A ba mu rasit mana.” Tsakar gida ta ɗauki dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Ya fito da butarsa, kansa a ƙasa, ya shige ɗaki.

Washegari aka shiga da shi, ba a yi rabin awa ba likita ya kira ni. Baba na kwance cikin rigar asibiti, allurar barci ba ta gama sakinsa ba. Likitan ya ce sun tsaya a hanya, hanjin bai wanku ba, kyamara ba ta ganin komai, ci gaba a haka kasada ne. Ya ce in tambaye shi ko ya shanye maganin.

Na tambaye shi. Baba ya kalli bango ya ce, “Faɗa wa lokotoro rabi na sha, na zubar da sauran a kwata. Ka ce masa banɗakinmu ɗaya ne, kuma mutane suna sauri.”

Bai ambaci sunana ba. Da bakina na juya maganar nan zuwa Turanci, kalma bayan kalma, kunya kamar in nutse a wurin. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce kumburin ciki da fitar iska ba komai ba ne yau, amma in ciwo ya tsananta, ko zazzaɓi ya zo, ko jini ya yi yawa, a dawo da shi nan take. Ya ce bayan mako uku a sake, a yi kwana biyu ana cin abu mara nauyi, a raba maganin biyu, yamma da safe. Ya nanata cewa inda ba su kai ba, can ne suke son gani.

A cikin motar danfo, a hanyar komawa gida, Baba ya ce shi ya gama. Da Mariamu ta ji, ta ce ya zo gidanta, suna da banɗaki a ɗaki. Ya ce, “A gidan surukina zan yi ta zarya? Allah Ya kiyaye.” Na san ba zai je ba, ko za a yanka shi.

Mako biyu ina kewaya ƙofarsa na kasa shiga. Ranar da na shiga, na durƙusa na ce, “Baba, ni na jawo. Ka yafe mini, ka sake sha. Ƙofar nan ni zan tsare ta.” Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce kada in faɗa wa kowa dalili.

Da ranar shan maganin ta zo, ana gobe awon, ban je kasuwa ba. Na ɗauko benci da buta na zauna a bakin banɗaki. Duk wanda ya zo na ce cikina ne ya ɓaci, ni ke kan layi, kuma zan daɗe, ya tafi na masallaci ko na tasha. Na sha zagi da Hausa da Yarabanci. Wata maƙwabciya ta ce, “Oga Jabir, yau kai ka kama hayar?” Aka yi dariya, na haɗiye. Baba ya yi ta shiga yana fita, ba wanda ya kula da shi, duk ni aka sa wa ido.

Da safe ya sha sauran, muka tafi. A wannan karon kyamara ta kai ƙarshe, aka ciro wani tsiro da likita ya ce gara da aka same shi yanzu. Baba yana nan, yana kiran salla.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yammacin nan na benci. A fitowarsa ta bakwai ko ta takwas, ya dafa kafaɗata ya sunkuyo. Na ɗauka ruwa zai nema. Sai ya ce a hankali, “Jabir, ban daɗe ba, ko?”