Darbejiyar da Na Bari a Cikin Leda

Shekarun baya, a daminar da aka cire mu daga Kano aka yi mana Jihar Jigawa, ina zaune a ƙauyenmu da ke arewa da Babura. Gonar da mahaifina ya bar mini ita ce ta ƙarshe ta bakin arewa. Tun yana da rai yakan rubuta ranar saukar ruwan shuka da ajami a bangon wani littafinsa, ni kuma na ɗora daga inda ya tsaya. Duk wanda ya duba bangon nan zai ga ruwa yana ta ja da baya. Iskar bazara kuma ta ƙara ƙarfi. Sai gero ya yi ganye biyu, ta kwaso rairayi ta binne shi. Wata shekarar sau uku na yi shuka.

A lokacin ne abokina, wanda muka yi karatu a zaure ɗaya, ya zama kansila. Ya same ni a gona ya ce, "Malam, gwamnati za ta dasa itatuwa don tare hamada. Ka ba da bakin gonarka. Ni kuma na yi maka alkawarin rijiya a wurin kafin rani."

Na ce, "Rijiya fa ka ce, mutumina?"

Ya ce, "In ban haƙa ba, kada ka ƙara gaishe ni."

Mahaifiyata ta ce in sa ya maimaita a gaban mutane. Na ce, "Haba Inna, wanda muka ci tuwo a akushi ɗaya?"

Dashe ana yin sa ne damina na tsaka. Amma aka yi ta ɗage ranar, wai manyan baƙi ba su sami sarari ba, har ruwa ya fara ɗaukewa. Ranar da suka zo aka kafa rumfa a gonata. Wanda ya ba da kyautar dashen wani attajiri ne, kowa kuwa ya san motocinsa ne ke kwashe itacen dajinmu zuwa birni. Aka yi ta tafa masa. Ni ma na tafa, don an zaunar da ni a kujerar gaba, ga sabuwar hula a kaina. Kowane babban mutum ya dasa guda, aka ɗauke shi hoto, aka zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu.

Bayan sun watse na durƙusa na taɓa gindin wata darbejiya, sai na ji leda. Na duba ta biyu, na duba ta uku. Ashe dukansu da baƙar ledar da aka raine su a ciki aka binne su, manya ba su san ana cirewa ba, leburori kuma suna sauri su gama kafin motoci su tashi. Saiwa ba ta da hanyar fita.

Na yi kwanaki ina tonowa ɗaya bayan ɗaya, ina yage leda, ina mayarwa. Guda ɗaya na tsallake, wadda abokina ya dasa da hannunsa. Na bar ta ne don in ya zo in nuna masa mu yi dariya.

Bai zo ba. Rani ya shigo, babu rijiya. Kullum bayan sallar asuba sai in kora jaki zuwa rijiyar gari, in ɗoro jarka huɗu, in yi ta sawu har rana ta take. Mata na guna-guni wai zan ƙarar musu da ruwa a kan itacen gwamnati. A majalisa aka daina ajiye mini wuri, don ba na samun zama. Na rubuta wa abokina wasiƙu, dukansu da ajami, saboda kada akawun ofis ya karanta ya ga na tuna masa alkawari. Ko ɗaya bai amsa ba. Sau ɗaya na je sakatariya, masinja ya ce yana taro. Ina tsaye a bakin ƙofa ya wuce a mota, ya ɗago mini hannu ta gilashi. Tun ranar na riƙe gaisuwata, kamar yadda ya ce.

A rani na biyu Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Daga nan sai ya zama jakin nan na fi yi wa magana. Fiye da rabin dashen ya bushe. Abin da ya tsira ya girma, ya fara karya iska, gerona ya samu ya tashi. Ta abokina kuwa ban hana ta ruwa ba, ina tsoron Allah, amma na ce shi ya sa ledar, shi zai cire. Ta tsaya tsugune, iyakarta ƙuguna, ba ta mutu ba, ba ta yi gaba ba.

Har yau ina jin nauyin wannan. Sauyin yanayi ya fi ƙarfin mai jaki ɗaya. Waɗanda Allah Ya ba mulki da dukiya, za a tambaye su abin da ya sami ƙasar nan bayan an naɗe rumfa. Amma ni ma za a tambaye ni itacen da na azabtar don fushin da nake yi da mutum.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana da hantsi sai ga abokina an sauke shi daga bayan babur, babu mota, babu muƙami, furfura ta cika gemu. Masu haƙar rijiya biyu na biye da shi da kayan aikinsu. Ya zaro wasiƙuna a ɗaure da zare.

Ya ce, "Duk na karanta, Malam. Kunya ce ta hana ni amsawa, sai kunyar ta yi ta girma. Gonata ta gado rairayi ya cinye ta. Nuna musu inda za su haƙa."

Na nuna musu wurin, sannan na ja hannunsa zuwa gindin 'yar darbejiyar, na miƙa masa fartanya.

Ya ce, "Wannan fa? Ciwo take yi?"

Na ce, "Taka ce, Yallaɓai. Tona ka gani."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya tona har ya kai ga ledar, saiwa ta nannaɗe a ciki kamar igiya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa yatsa ya yage ta a hankali, ni kuma na zuba ruwa.

Da ya miƙe, na ba shi hannu na ce, "Ina kwana, mutumina. Yaya iyali?"