Baba ya tafi neman bagaruwa

Na kasa zama wuri ɗaya. Tun hantsi nake kai da kawowa tsakanin ƙofar gida da majemar Baba, inda fatun layya ke jiƙe cikin ruwan toka, har sun fara wari.

Bagaruwar da yake jima da ita ta ƙare, a kasuwar Gummi kuma babu. Shi ne ya hau babur ya nufi hanyar Zugu inda itatuwan suke, alhali kowa ya san su wa ke cikin dajin nan.

Na ce wa Inna, "Ga hodar jima ta kemikal ana sayarwa, nan da nan take gama aiki. Don mi kika bar shi ya tafi?"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ruwan jima lungu yake kwarara, inda ɗiyanka ke wasa. Ƙanwata a Bagega garin dutsen zinariya mai gubar dalma aka shigo mata da shi gida, ɗiya biyu ta rasa. Ruwan bagaruwa bai taɓa kashe mana ko kaza ba."

La'asar ta wuce, wayarsa ba ta shiga.

Ku, da a ce mahaifinku ne, wanne za ku ce ya tunkara, dajin ko hodar?