Orval Mai Buɗe Ƙofar Ruwa

Shekara talatin da huɗu Orval Tysick ya yi yana buɗe wa jiragen ruwa ƙofa a kan Rideau, tsohuwar hanyar ruwan da kakanninsu suka haƙa da hannu. Jirgi ya shigo tsakanin ƙofofin katako, a rufe, a murɗa ƙarfe har ruwa ya cika ya ɗaga shi, sannan a buɗe masa ya wuce. Haka daga Mayu har Oktoba. In ruwa ya daskare kuwa, sai su huda ƙanƙara su zura fatsa, shi da amininsa Clovis mai sayar wa masu kamun kifi tana.

Da matarsa ta rasu, gwiwoyi kuma suka fara gardama, 'yarsa Noreen ta ɗauke shi zuwa can birnin Calgary mai nisa, ta ba shi ɗaki a hawa na tara. Ci da sha da magani, babu abin da ya rasa. Sai dai Mayu na kamawa zama ya gagare shi. Ya tsaya bakin taga yana kallon motoci, ya ce, "Yanzu sun sako ruwa." Ƙamshin jiƙaƙƙen katako yake nema, babu.

A shekara ta biyar Noreen ta sayo musu tikitin jirgin sama, suka kai ziyara Rideau.

Suka tarar da Clovis zaune kan bokiti a bakin ƙofar ruwa, inda ya saba. Ya ƙare wa Orval kallo daga sama har ƙasa.

"Wane ɗan birni ne wannan da farin takalmi? Ni na ɗauka an binne ka tuni."

"Na zo in gani ne ko ka taɓa kama kifin da ya fi ɗan yatsa," in ji Orval.

"Zauna, tsoho, kafin iska ta kayar da kai."

Josée, matar da ta gaji aikinsa, ta gane shi. Da wani jirgin 'yan hutu ya shigo, ta matsa ta ce, "Maigida, bismilla." Ya kama ƙarfen, sanyinsa na nan yadda ya san shi. Ya murɗa sau biyu, a na uku kafaɗa ta ƙi. Josée ta ɗora hannu kusa da nasa, suka ƙarasa tare. Mutanen jirgin suka ɗaga masa hannu suka wuce, ba wanda ya san ko shi wane ne.

Kwana huɗu suna fita a kwalekwalen Clovis. Ranar ƙarshe, suna cin soyayyen kifi a kan ciyawa, Orval ya ce, "Akwai ɗakin da zan iya zama a saman shagon Clovis."

"Baba, matakala goma sha bakwai ce, na ƙirga," in ji Noreen. "In ka faɗi wa zai ɗaga ka? Clovis?"

"Ni ko kaina ba na ɗagawa," Clovis ya ce.

Aka yi dariya, ban da Orval. Ya san gaskiyarta ce. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke tsiyaya ta tsagin ƙofa.

A hanyar komawa ta yi masa alkawarin dawo da shi mako biyu kowace shekara, in dai likita ya yarda. Tun cikin Janairu kuwa, dusar ƙanƙara na zuba, ya sa ta kai shi kanti ya zaɓo ƙugiyoyin kamun kifi, ya jera su kan tebur yana ɗaura musu zare.