Danƙo a Garin Ɗanwake

"Yaya, ko ƙwayar alkama babu ciki. Wake ne da rogo da kuka. In kin ga fulawa, ki daina gaishe ni."

Haka maƙwabciyata Kulu ta ce ranar da na fara sayen garin ɗanwake wurinta. Ta san likita ya hana ɗiyata Rumaisa alkama, ta san saboda ita gidana ya koma gero da dawa da shinkafa.

Sau biyu muna cin ɗanwaken nan, sau biyu yarinyar tana wuni da murɗar ciki da gudawa. Na zargi mai niƙa, na zargi ƙawayenta na makaranta. Jiya na tuna wani abu da na taɓa karantawa, cewa in an wanke kwaɓin alkama danƙo yake bari, sai na kwaɓa garin na wanke shi cikin ruwa. Wake da rogo bin ruwa suke yi. Wannan kuwa ya bar mini danƙo a tafin hannu kamar cingam.

Na kai mata.

"Kulu, wanga fa?"

"Ƙila kuka ce, Yaya."

"Yaushe kukarmu ta Kaura ta koyi danƙo?"

Sai ta duƙa tana hura wutar da ke ci bal-bal.

Iyaye mata, ku gaya mini, wa za mu yarda da shi kan cikin 'ya'yanmu?

Ke kuma Kulu, na ba ki zuwa Juma'a ki faɗa mini abin da kika zuba, in san abin da zan gaya wa likita. In kika yi shiru, ranar Asabar zan wanke garinki a ƙofar gidanki, gaban masu saye.