Rediyo a Gindin Tsamiya

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai a Dutsin-Ma aka tura ni wata firamare a wani ƙauye da ke bayan Rawayau. Ba a daɗe ba da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko kyauta, don haka yara sun fi ƙarfin azuzuwa. Ɗakuna biyu ne masu rufin kwano, da ɗan ofishin hedimasta, sauran kuwa gindin itace. Ni aka ba 'yan aji uku a gindin wata tsamiya, allona jingine a jikinta.

A can na tarar da malamin Turanci. Ya girme ni nesa ba kusa ba, mutumin kudancin Zariya ne, Kirista. A Kurfi yake zaune da matarsa mai aikin unguwarzoma, kullum da keke yake zuwa, ya ɗaure bakin wandonsa da roba. Ya daɗe a ƙasarmu har Hausarsa ta koma ta Katsinawa, 'ya'yansa duka a Kurfi aka haife su. Shi ya fara kira na Malam ƙarami, har sunan ya bi ni. Ranar Juma'a in mun tafi masallaci shi ke tsayawa ya rufe makaranta, ran Lahadi kuma ba mai nemansa.

Ban cika zango ɗaya ba motar ofishin ilimi ta kawo mamu rediyo. Babba ce, baƙa, mai hannu a sama, tare da kwalin batir. Aka ce akwai shirin da ake yi wa makarantu da hantsi, darasin Turanci da na kimiyya, ƙwararru ne ke koyarwa daga birni, namu kawai mu kunna mu tsare yara. Hedimasta ya dubi rediyon ya dube mu, ya miƙa wa malamin Turanci. Tun daga ranar mutanen gari suka koma ce mashi Malam mai rediyo.

Ranar farko a gindin tsamiyata aka tara yara, don ta fi inuwa. Ya ɗora rediyon a kan kujera, ya ja eriya, ya yi ta murɗawa har muryar wata mace ta fito. Turancinta mai daɗi, amma da sauri, ko ni sai na kasa kunne sosai. Ta gaishe da yara. Ta ce kowa ya tashi ya je bakin taga ya faɗi abin da ya gani a waje. Yara suka dube ni, na dubi Malam. Ta ce a buɗe littafi shafi kaza, mu kuwa littafin bai taɓa zuwa makarantarmu ba. Sai ta yi tambaya, ta yi shiru don a ba ta amsa. Ba wanda ya ce uffan, sai wata akuya da ke cin ɓawon tsamiya a bayanmu. Da shirun ya ƙare, matar ta ce madalla, kun yi ƙoƙari ƙwarai.

Na yi dariya, shi bai yi ba. Da aka tashi ya zauna a kan benci yana share zufa da hankici.

"Malam ƙarami, matar nan ta iya koyarwa," ya ce. "Ba ta dai san mu ba ne."

"To, Malam, ai sai a mayar masu da kayansu."

"A'a. Tsayar da ita za mu yi."

Ban gane nufinsa ba sai da mako ya zagayo, ya zo da rikoda ɗaure a bayan keke, an naɗe ta da zanen matarsa. Tasa ce ta gida, wadda yake jin waƙoƙin coci da ita. In shirin ya zo, sai ya ɗauka a kaset shi kaɗai a ofis. Washegari ya kawo wa yara, ya kunna jimla ɗaya, ya danna ya tsayar, ya fassara da Hausa, ya sa su maimaita, ya mayar baya a sake ji. In matar ta yi tambaya, sai ya riƙe ta a nan har sai wani ya amsa, kafin ya sake ta ta ce madalla. Darasin da take yi cikin ɗan lokaci mu sai mu kwashe mako a kansa.

Daga nan ya fara ɗaukar muryar yaran da kansu. Ranar da suka fara jin kansu ba zan manta da ita ba. Yarinyar da aka fara sa wa muryarta ta rufe fuska da mayafi, ta rantse ba ita ba ce. Sauran suka yi ta turereniya, kowa na so ya karanta a ɗauka. Yaran da ke guduwa bayan tara suka daina gudu. Limamin gari, wanda da farko ya aiko a tambaya ko kiɗa ake sa wa yara, ya zo da kansa ya zauna a gefe ya saurara har aka gama, ya yi mamu addu'a ya tafi. A shekarun nan ne makarantar ta fara samun masu cin jarrabawar shiga sakandare. Ba su da yawa, amma a da ko ɗaya babu.

Sai aka kira mu kwas a Dutsin-Ma, ni da shi. A wani babban zaure aka yi, mai fanka da wutar lantarki. Waɗanda suka zo daga birni suka nuna mamu majigi, suka nuna mamu talabijin. Muka ga yadda wake ke tsirowa a cikin ƙasa, saiwa na sauka, ganye na buɗewa, abin da kowane ɗanmu ke shukawa amma bai taɓa gani da ido ba. Malam ya matso gaba har gwiwarsa na taɓa tebur. Aka ce zamanin alli ya kusa wucewa, kuma an zaɓi wasu makarantun ƙauye za a ba su talabijin, har da tamu. Wani malami ya ɗaga hannu ya ce garinsu ba wuta. Aka ce mashi wuta na nan tafe, an riga an auna hanyar da turaku za su bi.

A hanyarmu ta komawa, a bayan a-kori-kura, bai bar ni na runtsa ba. Yana ta lissafa abin da yara za su gani: teku, jirgin ƙasa, cikin jikin mutum.

Talabijin ta zo, wuta ba ta zo ba. Aka ajiye ta a ofishin hedimasta cikin kwalinta, damina ta wuce, wata ta sake wucewa. Hedimasta ya koma ɗora tulun ruwansa a kai. A lokacin ne kuma abubuwa suka fara tsukewa. Kwalin batir ya daina zuwa. Albashi ya koma sai an ga dama. Iyaye suka fara janye yara zuwa gona da kiwo, suna cewa waɗanda suka gama ma ga su nan zaune a gida. Malam ya shiga bin gidaje da kekensa bayan an tashi, yana tsayawa a zaure yana roƙo. Abin da yake riƙe su da shi ita ce talabijin. Ya ce su yi haƙuri, akwai ranar da za a kunna, su zo su gani da idonsu abin da ake tanadar wa 'ya'yansu.

Da ya ga jiran ba zai ƙare ba, ya je wurin wani Alhaji a Kurfi mai injin wuta, ya yi ta sintiri har ya yarda ya ba da aro na yini ɗaya. Aka ɗauko injin a amalanke. Muka haɗa gora biyu muka ɗaure eriya a kai, muka kafa a jikin bangon aji. Labari ya bazu, kafin hantsi filin makaranta ya cika, maza a gaba, mata daga nesa a bakin darni, har da mutanen Rawayau da suka tako a ƙasa. Malam ya sa farar riga da bai saba sawa ba sai ran Lahadi.

Inji ya tashi. Gilashin ya yi haske, sai ɗigo-ɗigo fari da baƙi suna ta rawa, da ƙara kamar ana soya gyaɗa cikin yashi. Ni ke riƙe da gorar, yana daga ciki yana ce mani in juya dama, in juya hagu, in ƙara ɗagawa. Sau ɗaya wani abu ya fito kamar inuwar mutum a zaune, mutane suka yi gaba, kafin a tantance ya ɓace. Muka hau da gorar kan rufi. Muka hau da ita kan tsamiya. Tashar ta yi mamu nisa, kuma ba wanda ya taɓa gaya mamu haka a wurin kwas. Har rana ta take muna abu ɗaya, man injin ya ƙare.

Ba wanda ya yi mashi dariya, kuma da an yi, ina jin da ya fi mashi sauƙi. Mutane suka tashi suna kakkaɓe riguna. Wani dattijo da ke da jikoki a ajina ya tsaya a gabansa, ya ce, "Malam, ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya saka. Amma ka gani, akwatin ma bai san da mu ba." Da shuka ta kama, jikokinsa ba su dawo ba, haka ma wasu da dama.

Bayan wannan rana Malam bai ƙara bin gidaje ba. Yana zuwa a kan lokaci, yana koyarwa, amma maganarsa ta ragu. Rikodar ta ci gaba da aiki in ya samo batir da kansa, in bai samu ba ta kwana a gida. Batiran da suka mutu ba ma yarwa. Mukan fasa su mu kwashe baƙin garin da ke ciki, mu kwaɓa da ruwa mu shafe allo, don fentin allo ma ya daina zuwa. Wata iskar farkon damina ta yaye kwanon aji ɗaya, aka tattara shi aka jingine a bayan ofis, ba a sake kafawa ba.

Sai aka raba jiha. Mu muka yi murna, an ba Katsina tata. Ba a jima ba aka ce ma'aikatan da asalinsu ke can kudu su koma jiharsu. Na je gidansa a Kurfi na tarar ana ɗaure kaya, matarsa na rabon tukwane ga maƙwabta, matan unguwa sun cika tsakar gida, da yawansu ita ta karɓi haihuwarsu. Ya jawo ni gefe ya miƙo mani rikodar da wani kwali cike da kaset.

"Malam, ai taka ce, ta gidanka," na ce.

"Can ba wanda ya san muryoyin nan. Me zan yi da su?"

Na raka su tashar Dutsin-Ma. Ƙaramar 'yarsa tana ta tambaya yaushe za a dawo gida. Da mota ta cika ya leƙo ta taga ya ce in riƙa tsayar da matar, kada in bari ta wuce yara. Na ce in Allah ya yarda.

Na yi yadda ya ce har na wani lokaci. Wata rana ana cikin darasi muryar ta ja, ta yi kauri, ta tsaya. Na buɗe na tarar zaren kaset ya naɗe a ciki. Na warware da biro na sa wani, shi ma ta cinye. Na kai ta wurin mai gyara a kasuwar Dutsin-Ma, ya ce wata 'yar roba ce ta saki, irinta kuma an daina kawowa, in bar mashi ko za a dace. Na yi ta komawa har ya tashi daga rumfar, ban san inda ya koma ba. Shirin makarantu ma a rediyo na neme shi na rasa, ba sanarwa, sai na ji an sa kiɗa a lokacinsa. Kaset-kaset ɗin suna gidana har zafi ya manne su.

Labarin Malam sau ɗaya na ƙara ji, a bakin wani direba. Ya ce an ba shi aiki a wani ofis inda ba aji ba yara, bai daɗe ba ya ajiye, ya koma noman citta.

Gab da ƙarshen shekarun nan wani jami'i ya zo duba makaranta. Yaro ne, da takalmi mai sheƙi, mai ladabi kuwa. Ya zagaya ya ga ajin da ba rufi, ya ga yaran da suka rage a zaune a ƙasa. Ya ce kada mu karaya, akwai wata na'ura da ake kira kwamfuta, a ƙasashen waje yara da ita suke karatu, kuma ana shirin fara kawo ta makarantu. Ya yi bayaninta da zumuɗi, da gani ya yarda da abin da yake faɗa. Hedimasta ya ce Allah ya kawo. Ya tambaye shi ko akwai alli a motar, ya ce babu, amma zai faɗa a ofis.

Muka raka shi har bakin hanya. Da muka dawo hedimasta ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko busasshen rogo, ya karya biyu ya ba ni rabi. Da shi muke rubutu a lokacin. Yana kamawa a allo, sai dai na baya ba su gani sosai, don haka na ce su matso gaba.