Lissafin Kan Soro

Duk wanda ya zauna a unguwar Sabil ta Jidda a farkon shekarun 1970 ya san Abdulghani mai yusur, ko da bai so saninsa ba, don muryarsa kan riga shi shiga lungu. Yusur wani baƙin reshe ne da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, a fere shi a yi carbi, alhazai su yi ta rububinsa. Kakan Abdulghani a ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, ya sauke farali ya zauna. Ubansa ya koyi nutso a wajen masunta, ya mutu da kunne ɗaya a toshe. Shi kuwa suna kawai ya gada. Sau ɗaya aka taɓa ganinsa cikin ruwa, shi ma santsi ne ya kwashe shi daga kwalekwale. Amma in ya harɗe a gidan gahawa yana ba da labarin teku, sai ka rantse shi ya haƙa Bahar Maliya.

Matarsa Luba ta san komai, ta kuma daɗe da daina jin kunyar raina shi a zuci. Mai nutson gaskiya ƙanenta ne, Yahya, magidanci mai shiru-shiru. Shi ke riƙe dutse ya nutse da numfashin ƙirjinsa, ya karyo yusur ya fito. Abdulghani na zaune a inuwa riƙe da igiya, in an dawo ya ce “mun nutsa”. Luba ita ta goyi Yahya bayan rasuwar uwarsu, ba ta da kowa a Jidda da ya kai shi, kullum ya fita sai gabanta ya faɗi.

Da yusur na kusa ya ƙare, sai Abdulghani ya sayo wata tsohuwar tukunyar iska a hannun wani ma'aikacin jirgi, irin wadda ake goyawa a shaƙa ta baki. Mutanen Jidda dabba suke ce mata, kamar ta gas ɗin girki. Luba ta dube ta, ta dubi mijinta, ta ce a ranta yanzu dabbobin gidan sun zama biyu. Tukunyar ba ta da agogon da ke nuna sauran iska, shi ya sa ta yi araha. Wannan bai dami Abdulghani ba, ai ga shi, wane agogo ake nema kuma.

Ya sa aka cika ta da iska a Abhur, can bakin teku, ya hau soro da ita bayan la'asar, ya shimfiɗa darduma, ya jingina da matashi, ya cusa robar a baki yana jan carbi. Maƙwabta suka leƙo suna kallo, shi kuwa sai hura hanci yake. Iskar ba ta ƙare ba sai da ladan ya kira magariba. Ya sauko yana tafiyar ƙasaita, ya sanar cewa dabba ɗaya daga la'asar ce zuwa magariba, amma saboda tausayi zai rage wa Yahya rabi.

Luba ba ta san teku ba, amma ta san mai kishingiɗa da mai sara ba numfashinsu ɗaya ba. Da aka koma cika tukunyar ta nace sai ta bi su. Hamad, mutumin da ke cika wa Turawa tukwanensu, ya ji lissafin ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce ruwa na matse iska, a zurfin gaba goma sha ɗaya kowace shaƙa ɗaya tana cin ta uku a tudu, ga kuma wahalar aiki a kai. Abin da ya kai mutum magariba a soro, a can ƙasa da ƙyar zai kai tsawon cin tuwo. Ya ƙara da cewa in iska ta yanke, kada a riƙe numfashi a taso, a riƙa fesarwa, in ba haka ba huhu na iya fashewa.

“Ya shekh, iska ai iska ce,” in ji Abdulghani. “Ni na gwada da bakina. So kake mu yi ta dawowa kana cikawa. Halas, magana ta ƙare, yalla mu tafi.”

A hanya Luba ta roƙi Yahya ya ji maganar Hamad. Ya yi murmushi, ya ce Yaya Abdulghani ya girme shi, ba zai ƙaryata shi a gaban mutane ba, in ya ji alamar wani abu zai taso. Haushi ya cika ta, na mijin da na ladabin ƙanen gaba ɗaya.

Washegari suka fita bayan duwatsun ruwa. Yahya ya nutse, Abdulghani ya gyara zama ya zuba shayi, don a lissafinsa da sauran lokaci mai yawa. Bai shanye ba igiya ta fara fizga. Ya ɗauka yusur ne ya yi nauyi, har ya yi hamdala. A can ƙasa iska ta yanke wa Yahya, jikinsa ya yi abin da ya saba tun yana saurayi: ya rufe baki gam, ya riƙe numfashi, ya harbo sama. Ya fito jini na kumfa a bakinsa, hannunsa damƙe da reshe ɗaya.

Bai mutu ba. Ya bar asibiti yana jan ƙafar dama, hannun dama a lanƙwashe, magana tana fita da ƙyar. A gidan gahawa Abdulghani ya fara cewa Hamad ne bai cika tukunyar ba. Da ba a yarda ba ya koma kan aljanun ruwa. Daga baya ya tsaya a kan cewa yaron ne ya cika haɗamar numfashi.

Sai da aka kwana biyu ya je gidan Yahya dubiya. Ya iske Luba tana ba Yahya kunu a baki. Ya zaro carbi sabo fil, wanda aka fere daga wancan reshen, ya ɗora masa a hannun da ya mutu, yana jiran godiya. Carbin ya zame ya faɗi ƙasa.

“Da ka ja numfashi a hankali yadda na ja,” in ji shi, “wallahi da ta kai ka.”

Yahya ya yunƙura zai ba shi haƙuri. Wannan ne Luba ta kasa ɗauka. Ta toshe bakin ƙanenta da cokali, ta ce wa mijinta ba tare da ta dube shi ba, “Malam, ka ɗauki abinka. In ka je gida ka aiko min da kayana.”

Ya tsaya yana jiran ta ce wasa take yi, ita kuwa ta ci gaba da ba Yahya kununsa.